Yadda ake mayar da ƙasusuwa takin fosfat a gida

Takin zamani ya yi tsadar da mai ɗan lambu a bayan gida, ko mai fangali goma a bakin rafi, sai ya yi lissafi sau biyu kafin ya tunkari shago. Alhali kuwa ɗaya daga cikin abubuwa uku da ake saye a buhun kamfa, wato fosfat, yana nan zube a Kano kullum: a Abbatuwa, a gindin teburin mai tsire, a bayan gidajen abinci, ballantana mako guda bayan Babbar Sallah. Busasshen ƙashi, wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa wani ma'adini ne da masana ke kira afatayit, haɗin kalsiyam da fosfat. Shi ne dai ma'adinin da ke cikin dutsen fosfat da ake haƙowa a Maroko da Togo da Tawa ta Nijar, da wanda ke yankin Dange da Shuni a jihar Sakkwato. Daga irin wannan dutse ake yin supa da DAP, takin fosfat da ake sayarwa a shago.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Afatayit ba ya narkewa a ruwa. Ka binne ƙashin sa a gona, bayan shekaru garma za ta tono maka shi yadda ka sa shi, shuka kuwa ba ta shan abin da bai narke ba. Don haka aikin nan duka a kan abu uku yake tafiya: a daka ma'adinin ya yi laushi, a haɗa shi da tsami, a ajiye shi inda saiwa za ta same shi. Wanda ya tsallake ɗaya ya yi aikin baban giwa.

Kayan da za ka tanada

Ƙasusuwa, ko da buhu ɗaya ne a karon farko. Babbar tukunyar da ba za a sake dafa abinci a cikinta ba. Gangar ƙarfe mai murfi. Idan aikin kaɗan ne, babban gwangwani mai murfi ya wadatar. Ƙusa da guduma. Itace ko kara mai yawa. Tsohon turmi da taɓarya, da rariyar tankaɗen gari. Takunkumin fuska da safar hannu. Lemon tsami da kofunan gilashi uku. Takardar gwajin pH, mai auna tsamin ƙasa, wadda ake samu a shagunan kayan ɗakin gwaji. Sai kayan haɗa taki: kashin shanu ko na awaki ko na kaji, ƙaiƙayi ko buntun shinkafa ko yankakken kara, da ruɓaɓɓen tumatir da lemo, waɗanda a kasuwannin Yankaba da 'Yan Lemo zubarwa ake yi. Shebur, bokiti, tsofaffin buhuna. Idan da hali, ɗan farar wuta.

Ganga tana bukatar a yi magana a kanta. Kada ka ɗauki wadda aka zuba maganin ƙwari ko wani sinadarin masana'anta. Wadda ta ɗauki man girki ko makamancinsa ita ce daidai, kuma ko ita sai ka cire murfin ka ƙona ta wayam sau ɗaya, fenti da sauran maiƙo su tafi.

1. Ka fara da ƙasarka, ba da ƙashi ba

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne zai gaya maka ko aikin ma ya dace da kai. Ɗebi ƙasa daga wuri huɗu ko biyar a gonar, zurfin taƙi guda, ka cakuɗa. Zuba cokali biyu a kofi, ka ƙara cokali biyar na ruwan sama ko ruwan leda, ka motsa, ka bari ta kwanta, sannan ka tsoma takardar gwaji.

Idan ta nuna 6 ko ƙasa da haka, ƙasarka na da tsamin da zai riƙa cin garin ƙashi a hankali. Yawancin jigawar da ke kewaye da Kano tana wajen nan, ga ta kuma da ƙarancin fosfat, shi ya sa tun zamanin dalar gyaɗa supa ne takin da aka fi tallata wa manoman gyaɗa. Tsakanin 6 da 7 zai yi aiki, amma sai ta hanyar takin da za mu haɗa a mataki na 7. Idan ta haura 7, ni dai shawarata ka ajiye wannan aikin ka sayi supa ko DAP. Irin wannan ƙasa cike take da kalsiyam, kuma ruwan da ya riga ya ƙoshi da kalsiyam ba ya karɓar wani daga jikin ƙashi.

Babu takardar gwaji? Zuba ɗan ruwan khal a kan busasshiyar ƙasa. Idan ta yi kumfa, akwai farar ƙasa a ciki, ta wuce 7 ke nan. Haka fangalin da ke yin farin ɓawo a sama bayan ban ruwa, da tsohon juji da aka daɗe ana zuba wa toka, duk abin zargi ne.

2. Zaɓen ƙashi

Ƙashin ƙafa, na haƙarƙari, na baya, na kai, duk suna yi. Ƙayar kifi da ƙashin kaza sun fi kowanne sauƙin narkewa, kuma ba su da wahalar daka. Ƙaho da kofato ka ware su: ba fosfat ne a cikinsu ba, jinsinsu ɗaya da gashi da farce, abin da suke bayarwa naitirojin ne. Haƙora ma ka fiffige su ka yar, don farin da ke lulluɓe da haƙori shi ne afatayit mafi tauri a jikin dabba, ba zai narke maka a daminar da kake so ba. Ɓawon ƙwai kuwa, da wasu ke cewa a haɗa, kalsiyam ne da kabonet kusan zalla. Ba ya ƙara fosfat, sai ma ya rage tsamin da kake nema.

Kada ka kusanci ƙashin mushe, ko na dabbar da ba ka san yadda ta mutu ba. Ban da ƙazanta, cutar saifa, wato antiraks, ƙwayoyinta na daɗewa a ƙashi da ƙasa shekara da shekaru, kuma tana kama mutum ta rauni ko ta numfashi. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja, don haka ba labarin wata ƙasa ba ne. Ka tsaya a kan ƙashin dabbar da aka yanka aka ci.

3. Tafasa da shanya

Fasa manyan da gatari ɓargo ya fito fili. Zuba a tukunya, ruwa ya sha kansu, ka tafasa awa biyu zuwa uku. Kitse zai taso, ka riƙa kwashewa. Dalilin tafasar shi ne maiƙo yana lulluɓe fuskar ma'adinin ya hana ruwa taɓa shi, ga shi yana ƙara wari da baƙin hayaƙi a wajen ƙonawa. Ruwan tafasar kada ka zubar a kwata, ka bari ya huce ka zuba a kan tulin takinka.

Sai shanya. A kan kwanon rufi ko inda kare da ɓera ba za su kai ba, mako ɗaya lokacin hunturu ko bazara, fiye da haka da damina. Ka san sun bushe idan ka buga biyu suka yi ƙara garau. Ƙashin da ya riga ya sha rana a bola ya yi fari ba ya bukatar tafasa, wanke ƙasar jikinsa kawai za ka yi.

4. Ƙonawa

Nan ne gwanintar take, kuma nan ne za ka ji masu cewa a jefa ƙashi a wuta kawai har ya zama farar toka. Zai daku cikin sauƙi, gaskiya ne, amma ka rage masa amfani. Ƙwayoyin afatayit na cikin ƙashi ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, madubin likita na yau da kullum ma ba ya rarrabe su, kuma akwai ɗan kabonet a jikinsu da ke sa su saurin sakin jiki idan tsami ya taɓa su. Wannan ne ya sa ƙashi ya fi yawancin duwatsun fosfat narkewa. Idan zafi ya haura wajen digiri 700, ƙwayoyin sai su manne da juna su girma, ƙananan ramukan da ke tsakaninsu su toshe, kabonet ɗin ya fice. Ka mayar da ƙashi dutse da hannunka ke nan. Abin da ake so shi ne gawayin ƙashi, baƙi ƙirin, wanda ake samu tsakanin digiri 400 zuwa 600 a inda iska ba ta shiga sosai.

Ga yadda ake yi. Huda murfin gangar da ƙusa wuri biyar ko shida. Wannan ba zaɓi ba ne: gangar da aka toshe ruf aka ɗora a wuta tana iya fashewa. Zuba ƙasusuwa har kashi uku cikin huɗu na gangar, ka rufe, ka ɗora a kan duwatsu uku, ka jera itace a ƙasa da kewaye yadda wuta za ta rungume ta. Da itace ko kara za ka hura. Taya da roba da leda haramun ne a wannan aikin, gubarsu a takin za ta ƙare.

Daga nan hayaƙin da ke fita ta hudojin shi ne agogonka. Da farko fari ne, tururi ke nan. Sai ya yi kauri ya koma rawaya-rawaya, da wari irin na ƙonannen gashi mai hawa kai. Can sai ka ga ya kama da wuta a bakin hudojin, 'yan harsuna suna tsaye a kan murfin. Ka ci gaba da ƙara itace daidai-wa-daida, kada ka zuga wutar har gindin gangar ya yi ja. Idan harsunan nan suka mutu da kansu, hayaƙin ya zama siriri, aiki ya yi. Rabin ganga kan ɗauki awa uku zuwa huɗu, gwangwani kuwa awa ɗaya ma ya isa. Janye itacen, ka liƙe hudojin da taɓo, ka tafi sai gobe. Wanda ya buɗe da zafi, iska za ta shiga gawayin ya kama ci, ya wayi gari da farar tokar da ya guda.

Da safe ka ɗauki babban guda ka karya. Idan ya karye ƙas, ciki da waje baƙi, ba wari, ya yi. Idan cikinsa ruwan ƙasa ne yana ƙauri, bai nuna ba, ka mayar da irinsa wuta. Wanda ya yi fari ko toka-toka a gefen da ya jingina da ƙarfe, ya wuce. Kada ka zubar, ka dake shi dabam ka kai gindin mangwaro ko gwaiba, su ba sa gaggawa. Kada kuma ka yi mamakin ganin nauyin ya ragu sosai.

Wata magana da ba ta sinadari ba: kada ka yi wannan ƙona a cikin lungu. A unguwa irin Fagge ko cikin Birni, inda katanga ke jingine da katanga, kafin hayaƙin ya kama da wuta maƙwabta sun kai ƙararka wajen mai unguwa, kuma da gaskiyarsu. Kai gangar gona ko bayan gari, ka tsaya ta inda iska ke tahowa.

Idan ba ka da wurin ƙonawa, ka tsawaita tafasar zuwa awa biyar ko shida, ka shanya sosai, ka daka haka nan. Wannan garin yana da ɗan naitirojin da ƙonannen ya rasa, amma dakansa azaba ne, kuma yana jawo karnuka su tone maka shuka. Ya fi dacewa da ƙayar kifi da ƙashin kaji.

5. Daka da tankaɗe

Tsami ba ya shiga cikin ma'adini, daga fuska yake cinsa, kamar yadda dakakkiyar kanwa ke narkewa nan take a bar dunƙulen yana kwance a gindin kwano. Lissafin ma mai sauƙi ne. Gutsure mai faɗin santimita ɗaya ta kowane gefe, fuskarsa murabba'in santimita 6 ce. Ka dake shi ƙwayoyinsa su koma kashi ɗaya cikin goma na milimita, fuskar ta zama 600, nauyi bai canja ba. Saboda haka ne masu sayar da dutsen fosfat don zubawa kai tsaye a gona suke niƙa shi ya bi ta rariya mai ido kusan milimita 0.15.

Sa takunkumi kafin ka fara, ƙurar ba ta da kyau a huhu. Yayyafa ɗan ruwa kaɗan, ka daka kaɗan-kaɗan, ka tankaɗe, tsakin da ya rage ka mayar turmi. Ka murza garin tsakanin yatsa biyu: idan kana jin yashi-yashi, da saura. Laushin garin tuwo ake nema. Mai buhu da yawa ya nemi injin da ake niƙa abincin kaji. Injin markaɗen unguwa kada ka kai, kada matan layi su ci baƙin tuwo a dalilinka.

6. Gwajin kofi uku

Kafin ka zuba wahalarka a taki, ka gani da idonka. Kofi na farko ruwa zalla, na biyu da na uku ruwan lemon tsami, kowanne rabin kofi. A na farko da na biyu ka sa gari kwatan ƙaramin cokali, a na uku ka sa tsaki daidai wannan yawan. Na ruwa ba abin da zai faru, baƙi ne kawai zai taso. Na biyu za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, kabonet ɗin nan ne ke fita. Motsa su, ka bar su su kwana. Washegari ka tsiyaye ka murza abin da ya kwanta: na gari a lemo ya zama laushi kamar kunkunniya, ma'adinin ya fita ya bar gawayi, tsakin kuwa yana nan da sauran ƙarfinsa. A ɗakin gwaji ma kusan haka ake auna ingancin dutsen fosfat, da ruwan tsamin sitirik mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, wanda shi ne tsamin da ke cikin lemon.

Wannan gwajin zai yi maka amfani idan wani ya kawo maka dutse ya ce na Sakkwato ne. Na gaskiyar dunƙule-dunƙule ne, launin toka zuwa ruwan ƙasa, ana samunsa a cikin laka mai tsattsagewa, ragowar tekun da ya taɓa rufe yankin wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, kuma fosfat ɗinsa kan kai kashi 30 cikin 100 ko fiye. Amma a yankin akwai dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina, akwai kuma jifsam. Jifsam farce ma yana karce shi. Dutsen farar ƙasa idan ka ɗiga masa lemo tafasa yake yi fuu, na fosfat kuwa kumfarsa kaɗan ce. Tabbaci na ƙarshe sai a ɗakin gwajin ƙasa irin na jami'a, inda ɗigon wani sinadari, amoniyam molibdet, a cikin asid ke mayar da wurin rawaya idan akwai fosfat. Idan ya tabbata, ba ya bukatar tafasa ko ƙona, daga mataki na 5 za ka fara, sai dai ya fi ƙashi jinkiri.

7. Haɗa shi da taki

A 1842 wani Bature a Ingila, John Bennet Lawes, ya yi rajistar hanyar zuba wa ƙashi da dutsen fosfat asid ɗin salfa don su narke, daga nan supa ya samo asali, kuma har gobe haka masana'antu ke yi. Na kawo wannan ne don na san akwai wanda zai ce to ai ruwan batir shi ne asid ɗin. Kada ka fara. Yana makantar da ido, yana cin fata, na tsohon batir kuma akwai dalma a ciki, wadda za ta bi alayyafo ta shiga cikin 'ya'yanka. Mu tsaminmu daga ruɓa zai fito. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da taki suna fitar da tsami iri-iri masu kama kalsiyam su janye shi daga fuskar garin, fosfat ya samu hanyar fita.

Nemi inuwa, ka ware wuri mita ɗaya da mita ɗaya. Shimfiɗa busassun kaya, ƙaiƙayi ko buntu ko kara, kaurin taƙi guda, ka jiƙa. Bi da kashin dabbobi rabin wannan kauri. A kan kashin, yana da danshi, za ka barbaɗa garin ƙashin ka cakuɗa da shebur, don so ake kowace ƙwaya ta manne da abu mai ruɓa, ba a tara shi dami guda ba. Sai ruɓaɓɓen tumatir da lemo a kai. Maimaita har tulin ya kai ƙugu ko ƙirji. Awon shi ne kilo 5 na gari a kilo 100 na kayan taki idan baza takin za ka yi a fangali, kilo 10 idan tafi guda za ka riƙa sawa a kowane rami. Wanda ba shi da sikeli ya sa bokiti ɗaya na gari a bokiti ashirin zuwa talatin na kaya.

Wajen jiƙawa, idan gidanku ana koko, ruwan tsamin da ake tsiyayewa daga kan gasara ya fi ruwan famfo. Jiƙaƙƙiyar tsamiyar da ta lalace ma haka. Danshin da ake so: ka damƙi takin ka matse, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Rufe da buhuna, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da tuli cikin kwana biyu. Soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu ka zaro, ya kamata ka ji ta da zafi. Idan sanyi ƙalau take, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabbobin bai isa ba. Idan tana warin masai, ruwa ya yi yawa, ka juya ka ƙara ƙaiƙayi. Juya tulin duk mako biyu, na waje ya koma ciki. Wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa, ba ka gane abin da ka zuba.

Babban kuskure a nan shi ne toka. Mun gaji zuba shara da tokar murhu a taki, tun lokacin da ake fitar da su daga birni a kan jakai zuwa gonakin kewaye, kuma toka taki ce mai kyau, tana da fotash. Amma tana kashe tsami, tana kuma ƙara kalsiyam, abu biyun da ke kulle fosfat. A wannan tulin kada ta shiga, ita da kanwa da farar ƙasa. Idan kana son ganin ƙarfinta, ɗiga ruwan zoɓo a ruwan toka ka ga ja ya koma kore-kore. Tokarka ka zuba ta dabam, a wani lokacin dabam.

Mai ƙasa da ke kusa da 7, ko mai aiki da dutse maimakon ƙashi, yana iya ƙara dakakkiyar farar wuta, awo ɗaya a awo goma na garin. Akwai ƙwayoyin halitta a ƙasa da ke mayar da ita asid a hankali, a daidai jikin garin. Sai an ƙara wa tulin kamar wata guda, kuma kada a wuce awon, don yawanta na ƙona saiwa.

Mai tukwanen fure ko 'yan buhunan tumatir a tsakar gida da ba shi da wurin tuli, ya jiƙa awo ɗaya na gari a awo goma na ruwan khal, a kwalbar da ba a ɗaure murfinta ba, kwana goma. Ya tace, ya riƙa sa babban cokali biyu a bokitin ruwa yana ban ruwa da shi. Abin da yake bayarwa kaɗan ne, bai isa gona ba.

8. Zubawa

Fosfat ba ya yawo a ƙasa. Yuriya ruwa na ɗaukarta ya kai ta wajen saiwa, shi kuwa fosfat da ya narke, cikin 'yan santimita kaɗan fuskar ƙwayoyin ƙasa ke cafke shi. A jar ƙasa da marmara, tsatsar ƙarfen da ta ba su launin ita ce ke riƙe shi gam. A ƙasa mai farar ƙasa kuma kalsiyam ne ke sake ɗaure shi. Takin da ka haɗa yana taimakawa a nan ma, don ruɓaɓɓen abu yana rigan fosfat zama a waɗannan fuskoki. Duk da haka, watsa shi a sama asara ce. Ya shiga ƙasa zurfin taƙi ɗaya, mako biyu kafin shuka ko dashe, a bi da ruwa.

Lissafin yawa kuwa ga shi. Supa na da fosfat kashi 18 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 9. Gawayin ƙashi na da wajen kashi 30, don haka kilo 30 nasa ya yi daidai da buhun supa a takarda. A gona ba haka ba ne, domin na supa yana narkewa nan da nan, na ƙashi kuwa wani ɓangare ne kawai zai fito a shekarar farko. Shi ya sa nake ninka awon da lissafin takarda ya bayar: giram 40 zuwa 50 na gari a kowace murabba'in mita, wato kilo ɗaya na haɗaɗɗen takin nan mai kilo 5 cikin 100. Tumatir, barkono, attaruhu da masara, tafi guda a gindin rami, a rufe da 'yar ƙasa, a dasa a kai. Bishiya kuwa a haƙa zobe daidai inda inuwar rassanta ta tsaya a binne.

Wake da gyaɗa da waken suya sun fi kowa cin moriyarsa, saboda saiwarsu na tsamar da ƙasar da ke kewaye da ita, suna kuma shan kalsiyam da yawa, wanda ke buɗe wa sauran garin hanyar narkewa. Latas da alayyafo da ake tsigewa cikin wata guda ba sa jiran ƙashi, sai dai su ci na wanda aka zuba a zagayen baya. Haka idan masararka ta riga ta tsumbure, gefen ganyenta ya yi shunayya, alamar yunwar fosfat ke nan, amma maganin sha yanzu magani yanzu supa ne ko DAP. Ƙashi na baɗi ne. Kuma ka tuna gawayin ƙashi ba shi da naitirojin ko fotash da za a ambata, don haka bai ɗauke maka yuriya ko kashin kaji ba.

Fuskar nan tasa da ke sakin fosfat tana kuma kama wasu abubuwa. A Nakuru ta Kenya da gawayin ƙashi ake rage fuloraid, sinadarin da yawansa ke ɓata haƙora, a ruwan sha, a ƙasa kuma yana ɗaure dalma ta zama ma'adinin da ba ya narkewa. Masu lambu a bakin kogunan Jakara da Getsi, da ke ban ruwa da ruwan da ya ratso gari da masana'antu, za su ɗan amfana da wannan, amma kada wani ya ɗauka ya wanke masa ruwan. Bai wanke ba.

A karon farko ka ware fangali uku masu girma ɗaya, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya: ɗaya taki zalla, ɗaya taki mai ƙashi, ɗaya taki da supa. Ka kafa musu alama, ka auna abin da kowanne ya ba ka, kuma ka sake shuka a kansu zagaye na biyu ba tare da ƙara fosfat ba, don a nan ne bambancin ƙashi ya fi fitowa. Inda ka zuba cikakken awo bana, rabi ya isa baɗi. Garin da ya rage ka ɗaure a buhu mai leda a ciki, ka ɗora a kan katako inda ruwa ba ya taɓawa, ka rubuta a jiki kada yara su ɗauka garin gawayi ne. Shekara nawa ya yi ba ya lalacewa.